Pokémon GO: Yadda taswirar unguwa ke yanke irin halittar da za ta ɓullo a waya

A watan Afrilun 2024 kamfanin Niantic ya saki wata sabuwar halitta a wasansa na waya, Pokémon GO. Sunanta Wiglett, fara ce siririya mai leƙowa daga cikin yashi, kuma a bakin teku aka ce ake samunta. Ba a jima ba masu kula da OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa zai iya gyarawa, suka fara cin karo da gaɓar teku a inda ko kududdufi babu: bayan gidajen mutane, wurin ajiye motoci na coci, filin wasan golf. Wasu 'yan wasa ne suka shiga taswirar suka zana yashin ƙarya kusa da gidajensu, da fatan halittar za ta biyo zanen.

Abin ya ɗaure wa mutane da yawa kai. Me ya haɗa taswirar da direbobi da ma'aikatan agaji ke dogara da ita da wasan kamun dodanni? Su kansu 'yan wasan bakinsu bai zo ɗaya ba. Wasu na cewa zanen yana aiki, wasu na cewa ɓata lokaci ne, wasu kuma na tambayar dalilin da ya sa mutumin da ke zaune a bakin kogi na gaske ba ya ganin halittun ruwa, alhali wani a tsakiyar birni yana kama su. Amsar duka tana wuri ɗaya. Wasan ba ya ganin ƙasa da idonsa, abin da aka rubuta game da ƙasar yake karantawa.

## Wasan da kalmominsa

An fara sakin Pokémon GO ranar 6 ga Yulin 2016 a Amurka da Ostireliya da New Zealand. Ɗan wasa yana riƙe da waya, GPS na nuna inda yake a kan taswira, in ya taka ƙafa hoton da ke wakiltarsa shi ma ya matsa. Halittu suna ɓullowa kusa da shi, ya jefa musu ƙwallo ya kama. Abubuwa huɗu ne ake yawan cakuɗa su idan ana wannan muhawara.

Na farko maɓulla, wato wani ɗigo a taswira da ido ba ya gani, inda halitta ke fitowa. 'Yan wasan da suka bi diddigi sun gano cewa yawancin maɓullai suna fitar da halitta sau ɗaya a kowace awa, a minti guda tsayayye, ta zauna rabin awa ko awa ɗaya ta ɓace.

Na biyu PokéStop da Gym, wuraren da ake tsayawa a karɓi ƙwallaye da sauran kaya ko a fafata. Waɗannan ana ganinsu a allo, kuma kowanne yana da suna da hoton wani abu na zahiri, kamar masallaci, gunki, zanen bango ko allon tarihi.

Na uku sheƙa: fili, yawanci wurin shaƙatawa, inda nau'in halitta ɗaya ke yawaita na ɗan lokaci kafin a sauya shi da wani. Na huɗu muhalli, wato rukunin da wasan ya jefa wani yanki a ciki, ko daji ne, ko dutse, ko gaɓar ruwa, ko birni, wanda shi ke karkata sa'ar irin abin da zai fito.

Ba rumbun bayanai ɗaya ke ciyar da waɗannan huɗun ba, kuma daga nan ruɗanin yake tasowa. Haka kuma kamfanin bai taɓa wallafa cikakkiyar ƙa'idar rabon ba. Mafi yawan abin da aka sani 'yan wasa ne suka tono shi ta hanyar tara bayanan kamun da suka yi suna gwada su da taswira, musamman ƙungiyar The Silph Road, wadda ta rufe shafinta a 2023. Saboda haka duk inda aka ce 'yan wasa sun gano, ba sanarwar kamfani ba ce.

## Gadon wani tsohon wasa

Niantic a cikin Google ta girma kafin ta ware a 2015. Shugabanta na lokacin, John Hanke, shi ne ya jagoranci Keyhole, kamfanin da Google ya saya a 2004 ya mayar da manhajarsa Google Earth. A ƙarshen 2012 suka fito da wasan Ingress, inda 'yan wasa ke yawo suna ƙwace wasu wurare da ake kira ƙofofi. An fara da allunan tarihi da hotunan da mutane suka ɗora a intanet, daga baya aka buɗe wa 'yan wasa su aiko da nasu. Hanke ya faɗa a 2016 cewa an aiko da kusan wurare miliyan 15, aka amince da kusan miliyan 5. Waɗannan ƙofofin ne suka rikiɗe suka zama PokéStop da Gym.

Ingress yana da wani abu kuma da ba a cika magana a kansa ba: ƙananan ɗigogin makamashi da ake kira XM, waɗanda ɗan wasa ke tsinta a hanya. Tun a lokacin an lura sun fi taruwa a inda mutane suka fi amfani da waya. Da Pokémon GO ya fito, masu buɗe wasannin biyu a tare suka ga inda XM ya yi yawa nan halittu suke yawa.

Sakamakon ya zo a juye. Wasan da aka gina a kan farautar halittun daji sai ga shi ya fi albarka a harabar manyan kantuna da tashoshin jirgin ƙasa da rukunin benaye, dajin gaske kuwa da gonaki fayau. Wanda ya hau dutse yana zaton zai sami abin da ba a samu a gari, sau da yawa ya sauko hannu rabbana. Yawan maɓullai, tun daga tushe, sawun wayoyi ya bi. Kamfanin ya sha ƙara wasu daga baya, 'yan wasa kuma sun lura cewa hanyoyin ƙafa da aka zana a taswira suna samun nasu, amma tsohon bambancin bai goge ba.

## Taswirar 'yan sa-kai

OpenStreetMap taswirar duniya ce da kowa zai iya gyarawa. Steve Coast ne ya kafa ta a Ingila a 2004. Mutum zai yi rajista, ya duba hoton tauraron ɗan'adam ko ya je wurin da ƙafarsa, ya zana iyakar fili, sannan ya liƙa masa alama mai ɓangare biyu. Alamar leisure=park tana nufin wurin shaƙatawa, landuse=grass fili mai ciyawa, natural=water ruwa, natural=beach gaɓa mai yashi. Kwamfuta ba ta san ko akwai bishiya ko babu ba. Alamar take karantawa.

Da farko taswirar da ake gani a allon wasan ta Google ce. A Koriya ta Kudu, inda doka ta taƙaita fitar da cikakkun bayanan taswirar ƙasar zuwa waje, sai a Janairun 2017 aka buɗe wasan, kuma da OpenStreetMap aka buɗe shi. A Disambar wannan shekarar aka sauya wa duniya baki ɗaya. Amma tun a 2016, lokacin da allo ke nuna zanen Google, 'yan wasa sun riga sun gano cewa iyakokin sheƙu sun fi dacewa da zanen OpenStreetMap. Taswirar da ake gani daban, wadda ke aiki a ƙarƙashi daban.

Alamomin suna aiki ta hanyoyi uku.

Wasu suna mayar da fili sheƙa. Wurin shaƙatawa, filin wasan yara, filin motsa jiki, makiyaya da filin golf suna cikin waɗanda aka fi tabbatarwa. An daɗe ana sauya mazauna sheƙu duk mako biyu, shi ya sa a manyan birane 'yan wasa ke yaɗa wa juna labarin wane lambu ne ya sami wace halitta. Sharaɗi ɗaya ne mutane ke mantawa da shi: alamar ba ta ƙirƙirar maɓulla, tana sauya abin da ke fitowa ne daga wadda take nan. Lambun da babu maɓulla a cikinsa, ko an yi masa alama daidai, sheƙa ce babu tsuntsu.

Wasu suna karkata muhalli. Tun kafin a saki wasan kamfanin ya ce halittun ruwa za su fi fitowa kusa da tafkuna da teku, kuma haka aka gani: Magikarp da Psyduck a bakin ruwa, Geodude da Sandshrew a busassun yankuna, Clefairy a tuddai, Magnemite da Voltorb a tashoshin jiragen ruwa da wuraren masana'antu. Tasirin wannan a kan ɗan wasa ba ƙarami ba ne. Kafin Magikarp, wani kifi marar ƙarfi, ya rikiɗe ya zama Gyarados, sai an tara alawa 400, wato ladan da wasan ke bayarwa in an kama halitta. Kamu ɗaya alawa 3 yake bayarwa, da ƙarin ɗaya in an miƙa wa wasan kifin. Wato kusan kifi 100 ke nan. Mazaunin gaɓar kogin da aka zana zai haɗa su cikin 'yan kwanaki, wanda ke nesa da ruwa kuwa ya yi watanni yana tsintar ɗaiɗai. Shekara da shekaru wannan tsarin a ɓoye yake, sai sabuntawar Afrilun 2024 ta fito da shi fili, har bangon allon da ake kama halitta ya koma nuna daji ko dutse ko gaɓa ko birni.

Wasu kuma toshewa suke yi ɗungurungum. 'Yan wasa sun lura babu abin da ke ɓullowa a cikin filin da aka yi wa alamar barikin soja, dausayi, wurin da ake gini, wurin fasa dutse, juji, ko harabar makarantun yara. Dalilin a bayyane yake: kamfani ba ya son a ce wasansa ya ja yaro cikin rami ko ya tara baƙi a ƙofar aji. Matsalar ita ce alama tana iya tsufa. Filin da aka rubuta ana gini a kansa shekarun baya, yau ya zama unguwa cike da iyalai, amma a idon wasan har yanzu tarin bulo ne da siminti.

Wannan ya kawo batun lokaci, wanda shi ne ya fi kayar da masu zanen ƙarya. Wasan ba ya karanta OpenStreetMap kai tsaye. Kamfanin yana ɗaukar kwafi ne lokaci zuwa lokaci, ba tare da ya faɗi ranar ba, kuma tsakanin kwafi da kwafi ana iya yin watanni ko shekaru. Da aka ƙirƙiro farmakin gayyata na musamman a 2017, inda ake haɗuwa a yaƙi wata halitta mai ƙarfi, Mewtwo, a wasu Gym da ke cikin lambuna, 'yan wasa sun gano cewa kwafin taswirar 2016 ake amfani da shi wajen tantance lambunan. Wanda ya zana yashin ƙarya yau, sau da yawa kafin kwafi na gaba ya zo an riga an goge shi.

## Gidajen da aka yanka duniya

Akwai wani zane na daban da ba ruwansa da kogi ko titi. Wasan yana amfani da tsarin lissafi mai suna S2, wanda aka ƙirƙira a Google, ya yanka doron duniya gida-gida kamar gidajen dara, kowane gida kuma a sake raba shi huɗu, har mataki 30. A mataki na 17 gida yana da faɗin kusan mita 70, kuma PokéStop ɗaya ake barin ya zauna a cikinsa, ko da abubuwa biyar ne suka cancanta. A mataki na 14, mai faɗin sama da rabin kilomita, yawan wuraren tsayawa ne ke yanke yawan Gym: wuri 2 Gym ɗaya, wuri 6 Gym biyu, wuri 20 Gym uku.

Yanayin sama, wanda aka shigo da shi a Disambar 2017, yana bin gidaje na mataki na 10, masu faɗin kusan kilomita 9. Ruwan sama yana ƙara halittun ruwa da na lantarki da ƙwari. Rana tana ƙara na wuta da na ciyawa da na ƙasa. Iska tana ƙara masu tashi da dodanni, hazo kuma na duhu da fatalwa. Hasashe wasan yake bi, ba abin da ke sauka a kan mutum ba, don haka ana iya tafka ruwa a unguwa allo yana nuna rana.

A saman wannan duka akwai rabon nahiyoyi. Tauros na Arewacin Amurka ne, Mr. Mime na Turai, Kangaskhan na Ostireliya, Tropius kuwa, mai ayaba a wuya, na Afirka ne da kewayen Bahar Rum. Sai kuma bukukuwa. Tun Janairun 2018 ake ware rana guda a wata da nau'i ɗaya ke mamaye ko'ina na 'yan awoyi, kuma tun Disambar 2020 ake sauya jerin halittu duk wata uku. A lokacin biki muhalli yana ja da baya sosai. Tsofaffin 'yan wasa na ƙorafin cewa bukukuwa sun yi yawa har zuwa bakin ruwa ya daina bambanta da zama a tsakar gida. Sabuntawar 2024 ta zo kamar amsa ce ga wannan ƙorafin.

## Tsibirin da ya wayi gari babu komai

Salamis tsibiri ne a Girka, kusa da Athens, a cikin mashigin tekun Saronic. A 2019 'yan wasan tsibirin suka buɗe waya suka tarar babu halitta ko ɗaya a fili. PokéStop suna nan, Gym suna nan, amma abin kamawa babu. Haka suka zauna kusan wata 7.

Da aka bincika, sai aka danganta abin da alama guda. An zana mashigin tekun gaba ɗaya a OpenStreetMap aka liƙa masa natural=bay, wasan kuma ya ɗauki duk abin da ke cikin da'irar a matsayin teku, har da tsibirin da mutanensa. Wanda ya yi zanen ba ɓarna ya yi ba, mashigin teku ne da gaske. Yadda kamfanin ya fassara alamar ne ya haifar da matsalar, kuma gyaran taswira ba zai warware ta nan take ba tunda sai an jira sabon kwafi. Sai da labarin ya shiga kafafen labaran wasanni kafin aka gyara.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Hujjar kamfanin ita ce an yi wasan ne don mutane su fita, su taka, su ga garinsu, su haɗu da juna. In kowace halitta za ta zo har kan gado, babu dalilin fita. Ɓoye ƙa'idar kuma kariya ce, domin duk abin da aka bayyana za a yi masa wayo. Abin da ya biyo bayan Wiglett ya ƙarfafa wannan hujjar. Amma ya raunana ta ta wani gefen, domin ɓoyewar ba ta hana a gano ba, ta dai bar mutane cikin jita-jita, wasu na zana abin da ba zai amfane su da komai ba.

'Yan wasan karkara da ƙananan garuruwa suna cewa kuɗin kaya a shagon wasan ɗaya ne ga kowa, amma abin da ake samu ba ɗaya ba ne. Mazaunin birni yana cika jakarsa da ƙwallaye kyauta a kan hanyar zuwa aiki, na ƙauye sai ya saya ko ya shiga mota. Bincike ya goyi bayansu. Wani nazari da Ashley Colley da abokan aikinsa suka gabatar a 2017 ya nuna wasan ya fifita birane a kan karkara, ya kuma fifita unguwannin da fararen fata suka fi yawa a Amurka. Cibiyar Urban Institute ta ga irin wannan a birnin Washington tun 2016. Ba wanda ya zauna ya tsara haka. Masu buga Ingress na farko mutane ne masu wayoyin zamani da lokacin yawo, kuma inda suke zaune da inda suke aiki suka aiko.

Masu zana taswira su ma kashi biyu ne. Kashi ɗaya na ganin 'yan wasa a matsayin fitina: lambunan ƙarya a bayan gida, tafkuna a kan titi, hanyoyin ƙafa da ba su kai ko'ina ba, duk sai wani ɗan sa-kai ya bi ya share a lokacin da zai yi wani aikin. Ƙa'idarsu guda ce, a zana abin da yake a ƙasa wanda wani zai iya zuwa ya tabbatar, kuma suna da kwamitin da ke dakatar da mai taurin kai. Ɗaya kashin na cewa wasan ya kawo musu sababbin hannaye da ba su taɓa mafarkin samu ba, da yawa sun shigo don sheƙa suka zauna suna zana unguwanninsu da gaskiya. A ƙarshen 2016 shafin OpenStreetMap ya wallafa shawarwari na musamman ga irin waɗannan baƙi maimakon ya kore su. Nazarin da Levente Juhász da abokan aikinsa suka fitar a 2020 kan wannan ɓarnar ya nuna cewa jama'ar taswirar suna gano mafi yawanta su gyara cikin gaggawa. Sai dai gaggawar tana buƙatar masu sa ido, kuma ba ko'ina suke da yawa ba.

## Lokacin da allo ya tara jama'a a fili

Ƙasa tana juya wasan, wasan ma yana juya ƙasa. A bazarar 2016 lambun Lake Park da ke Milwaukee a Amurka ya cika maƙil da 'yan wasa dare da rana, maƙwabta suka koka kan shara da cunkoson motoci da tattake ciyawa. A farkon 2017 hukumar yankin ta kafa dokar cewa duk kamfanin da zai sa irin wannan wasa a lambunanta sai ya nemi izini. Wani ƙaramin kamfani mai suna Candy Lab ya kai ƙara, a watan Yuli alƙalin tarayya ya dakatar da dokar bisa hujjar 'yancin faɗin albarkacin baki.

A Kijkduin, wata gaɓar teku a birnin Hague na ƙasar Holan, taron ya kai ga shiga tuddan yashi da doka ta kare, har hukumar birnin ta nufi kotu kafin kamfanin ya janye halittu daga wurin. Gidan tarihin kisan kiyashin Yahudawa (Holocaust) da ke Washington da dandalin tunawa da harin Hiroshima su ma sun nemi a cire su, aka cire. A 2019 kamfanin ya sasanta wata ƙarar haɗin gwiwa ta masu gidaje a Amurka, ya amince zai duba ƙorafi cikin kwana 15, ya kuma cire wurin tsayawa da ke cikin mita 40 daga gidan iyali guda idan mai gidan ya nema.

'Yan kasuwa kuwa taron suke nema. A Japan, McDonald's ya biya aka mayar da kusan rassansa 3,000 wuraren wasan tun ranar farko. A nan ba ciyawa ko ruwa ne ya yanke hukunci ba, yarjejeniyar talla ce.

## Abin da wannan ke nufi ga mai waya a hannu

Ga ɗan wasan da unguwarsa ta bushe, hanyoyin halal sun fi na ƙarya amfani, ko da ba su da sauri. Tun 2019 akwai tsarin Wayfarer, inda wanda ya kai wani mataki a wasan zai ɗauki hoton wuri, ya rubuta bayaninsa, sauran 'yan wasa su tantance. Wannan shi ke kawo PokéStop, ba zane a OpenStreetMap ba. Zana lambu ko kogi ko hanyar ƙafa da suke nan da gaske yana iya tasiri a kwafi na gaba, kuma ba mai goge shi. Wiglett ɗin ma ba sai an je teku ba, domin gaɓar tafki ko ta kogi mai yashi tana iya ɗaukar alamar nan bisa gaskiya. Akwai kuma turaren da ke jawo halittu zuwa inda mutum yake. Tun Yulin 2022 ana ba kowa na minti 15 kyauta a kullum, da sharaɗin yana tafiya.

A garuruwan da ba a gama zana su ba, irin da yawa a yankin Sahel, akwai ƙarin cikas. Rukunan alamomin an fara tsara su ne a Turai, inda lambun gwamnati mai shinge da benci abu ne na kowace unguwa. Filin yashin da yara ke buga ƙwallo da yamma, a yi sallar idi a cikinsa sau biyu a shekara, a kafa rumfar biki ranar Asabar, bai faɗa rukuni ɗaya cak ba, kuma sau da yawa ba a zana shi ba sam. A wurin wasan wannan fili babu shi, ko da ya fi kowane wuri tara jama'a a unguwar.

A irin waɗannan wuraren ne kuma zanen ƙarya ya fi haɗari, domin taswirar ba ta wasa kaɗai ba ce. Ƙungiyar Humanitarian OpenStreetMap Team ta samo asali ne daga aikin zana Haiti bayan girgizar ƙasar 2010, kuma a lokacin annobar Ebola ta 2014 'yan sa-kai sun zana garuruwan Gini da Laberiya da Saliyo don ma'aikatan lafiya su san hanya. Tafkin ƙarya a Landan wani zai gani ya goge. A garin da mutum ɗaya ko biyu ne ke kula da taswirarsa, yana iya daɗewa har wata manhajar ta kwafe shi.

Ga wanda ba ya wasan kwata-kwata, abin da ya shafe shi shi ne alamar da wani baƙo ya liƙa wa filin gefen gidansa tana iya kawo masa taro ko ta hana, kuma ƙorafinsa kamfanin zai kai wa, ba hukumar filaye ba. Kamfanin ma ya sauya hannu. A watan Maris na 2025 aka sanar da sayar da sashen wasannin Niantic ga kamfanin wasanni na Scopely kan dala biliyan 3.5. Scopely mallakar Savvy Games Group ne, wanda asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya ya kafa. Hanke ya tafi da sashen taswira ƙarƙashin sabon kamfani mai suna Niantic Spatial, Pokémon GO da Wayfarer suka koma wurin sabon mai shi, wanda yanzu shi ke da ikon cewa wace alama ce sheƙa, wace ce haramtacciya, da ranar da za a ɗauki kwafi na gaba.